Manhajar da ake maƙala wa shafi don makafi: in biya ko in bari?

"Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa, shadda, leshi da mayafai a Agege, kuma an buɗe mini shafin intanet inda mutane ke zaɓar kaya su biya, a kai musu har gida. Kwanan baya wata mai sayayya a wurina, wadda hawan jinin ido ya cinye mata yawancin gani, ta ce ta kasa kammala oda sai da 'yarta ta dawo daga makaranta ta taimaka mata. Da na gaya wa yaron da ke kula mini da shafin, sai ya ce akwai wata manhaja, wai ita overlay, da za a saka cikin minti biyar ta gyara komai da kanta saboda makafi da sauran masu buƙata ta musamman, amma da dala ake biyan kuɗinta duk shekara. In biya ko in bari? Idan ba ita ba, mene ne mafita?" Daga wata Hajiya a Agege, Legas.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a kasuwa, ya kuma kawo wa wannan baiwar Allah sauƙi. Abin da kike son sani shi ne ko wannan manhaja za ta sa mace irin wadda kika ambata ta shiga shafinki ta zaɓi turmin atamfa, ta rubuta adireshi, ta biya, ba tare da jiran kowa ba. Amsata ita ce kada ki biya. Ba za ta kai ta inda kike so ba, kuma akwai yiwuwar ta ƙara mata wahala a kan wadda take sha yanzu. Yaronki ba yaudararki yake yi ba, tallan kamfanonin ne ya gani ya gaskata, kuma tallan na da daɗin ji. Bari in warware miki dalilan, don ki iya zama da shi ku yi maganar da hujja.

Yadda abin yake aiki

Manhajar layi ɗaya ce ta JavaScript, wato yaren umarnin kwamfuta da shafukan intanet ke aiki da shi, da ake sakawa a cikin shafi. Duk lokacin da wani ya buɗe shafinki, wayarsa za ta je ta ɗauko sauran manhajar daga kwamfutocin kamfanin da ya sayar miki, galibi a ƙasar waje. Sai wata 'yar alama ta fito a kusurwar allo, yawanci hoton mutum ya buɗe hannuwa ko keken guragu. Idan an taɓa ta, sai jerin zaɓi ya buɗe: ƙara girman rubutu, sauya launi, tsayar da hotuna masu motsi, canza salon haruffa. Wannan shi ne ɓangaren da ido ke gani. Akwai kuma ɓangaren ɓoye, inda manhajar ke bin shafin tana ƙoƙarin cike abin da mai gini ya bari, ta hanyar hasashe da ƙirƙirarriyar basira.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, ainihin ginin shafinki ba ya canzawa ko kaɗan. Duk gyaran a cikin wayar baƙo yake faruwa, kowane lokaci daga farko. Ranar da kika daina biya, ko ranar da netiwok ya yi nauyi manhajar ba ta sauko ba, shafin ya koma yadda yake. Kamar shagon da ke da buɗaɗɗiyar kwata a bakin ƙofa ne, maimakon a ɗora kankare a kai, sai a kafa allo mai cewa ana maraba da masu keke. Allon ba zai tsallakar da kowa ba.

Su kuma makafi da masu raunin gani ba hannu rabbana suke zuwa shafinki ba. Duk wayar Android, har da Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwa, tana iya amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. iPhone na da VoiceOver. A kwamfuta akwai NVDA wadda kyauta ce, da JAWS ta kuɗi. Mai amfani da TalkBack yana shafa yatsa zuwa dama don ya matsa zuwa abu na gaba, ya taɓa sau biyu don ya danna. Ya riga ya saita saurin murya da girman rubutu yadda ya dace da shi, kuma saitin na bin sa duk shafin da ya shiga. Abin da yake nema a wurinki ɗaya ne, a gina shafin yadda kayan aikinsa za su gane shi.

Inda hasashen na'ura ke faɗuwa

Mu ɗauki kayanki. A bayan kowane hoto akwai gurbin da ake rubuta bayaninsa, wanda manhajar karatu ke furtawa. Idan an bar shi fanko, makauniya za ta ji wayar ta karanta mata sunan fayil, wani abu kamar IMG 2047, ko ta tsallake hoton ɗungurungum. Maƙalalliyar manhaja za ta dubi hoton ta rubuta wani abu kamar "yadi mai launuka" ko "mace a tsaye". Ta cike gurbin, don haka na'urar bincike za ta ce an gyara. To amma mai saye me ta ƙaru da shi? Ita so take ta ji cewa atamfa ce, turmi ɗaya yadi shida, ƙasanta shuɗi, zanen ganye ruwan goro, ko shadda ce mai maiƙo ruwan toka. Na'ura ba ta bambanta leshin da aka yi wa aikin duwatsu da wanda aka buga wa ƙyalli. Ke da yaran shagonki ne kaɗai kuka san wannan.

Abin da na fi cin karo da shi a shafukan 'yan kasuwarmu shi ne farashi a cikin hoto. A ɗauki hoton kaya, a rubuta kuɗin a jikinsa da manhajar zane, a ɗora. Ga mai gani babu matsala. Ga manhajar karatu, wannan farashi babu shi. Idan kuma na'ura ta yi ƙoƙarin karanto shi daga cikin ado da furanni, tana iya mayar da 8 ta zama 3, kuma babu wanda zai lura sai an zo biya rigima ta tashi.

Sai fom ɗin oda, inda na fi zargin nan ne mai sayayyarki ta maƙale. Kowane akwatin rubutu yana buƙatar suna da aka ɗaure masa a cikin ginin shafi: suna, lambar waya, unguwa, ƙaramar hukuma. Masu gini da yawa sukan wadatu da rubutu mai dishi-dishi a cikin akwatin, wanda ke ɓacewa da zarar an fara rubutu. Maƙalalliyar manhaja takan yi hasashen sunan daga rubutun da ya fi kusa da akwatin, kuma idan akwatuna biyu suna jere tana iya musanya su. Haka nan idan mutum ya yi kuskure, shafuka da yawa jan layi kawai suke zagaya wa akwatin. Wanda ba ya gani zai ta danna maɓallin turawa, shiru, bai san me ya hana ba. Gyaran wannan sai an rubuta saƙo da kalmomi, misali "lambar wayar ba ta cika lamba 11 ba", an kuma sa manhajar karatu ta furta shi nan take. Wannan aikin mai gini ne.

Akwai kuma wuraren da manhajar ba ta ma isa ba. Tagar biyan kuɗi da ke fitowa daga kamfani irin su Paystack ko Flutterwave daga wani shafin daban take zuwa, kuma ƙa'idar tsaro ta burauza ta hana manhajar wani shafi taɓa abin da ke cikinta. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, ita ke kare katin mutane, amma tana nufin abin da kika biya wa dala ba shi da iko a matakin da kuɗi ke shigo miki. Jerin farashi da aka ɗora a matsayin PDF ma yawanci yana wajen aikinta, haka bidiyon tallan da ba shi da rubutu a ƙasa don kurame.

Ma'aunin da duniya ke bi a wannan fanni shi ne WCAG, jerin sharuɗɗan sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Bugu na 2.1 ya fito a 2018, na 2.2 a watan Oktoban 2023, kuma matakin da aka fi nema shi ne AA, na tsakiya a cikin matakansa uku. Wasu sharuɗɗansa na'ura na iya aunawa, kamar bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa, wanda ake so ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Amma da yawa daga cikinsu hukuncin ɗan Adam suke buƙata: shin bayanin hoton gaskiya ne, shin tsarin da ake bin shafin daga sama zuwa ƙasa yana da ma'ana, shin saƙon kuskure ya faɗi yadda za a gyara. Abin da na'ura ba ta iya ganowa ba za ta iya gyara shi ba.

Illar da take ƙarawa

Da a ce rashin amfani ne kaɗai, da sai mu ce asarar kuɗi ce. Abin da ya fi damuna shi ne tana shiga tsakanin mutum da kayan aikinsa. Makafi da dama sun bayyana yadda irin waɗannan manhajoji ke katse musu karatu da sanarwar da ba su nema ba, ko su mayar da su saman shafi bayan sun yi nisa, ko su canza tsarin kanun da suke bi don tsalle daga sashe zuwa sashe, ko su ƙwace maɓallan kibod da manhajar karatunsu ke amfani da su. Har ta kai wasu na saka abin toshe talla a burauzarsu don su hana manhajar sauka. Ki duba wannan da kyau, Hajiya: mutanen da aka ce don su aka yi abin su ne ke neman hanyar kashe shi.

A waya kuma alamar kanta takan zauna a kusurwar ƙasa, daidai inda yawancin shaguna ke ajiye maɓallin kwando ko na WhatsApp. Ga mai raunin gani da ya ƙara girman allo ninki uku, wannan alama na iya rufe masa rabin abin da yake kallo.

Akwai abin da ya shafe mu masu Hausa kai tsaye. Idan shafinki na da rubutun Hausa, ki sani ba kowane salon haruffa ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan manhajar ta sauya salon rubutu zuwa wanda ta ce ya fi sauƙin karantawa, haruffan nan na iya fitowa a karkace da wani salo daban, ko su koma ƙananan akwatuna. Sannan an gina yawancin waɗannan manhajoji ne da tunanin shafukan Turanci, don haka bayanin da za su ƙirƙiro wa hotunanki da wuya ya zo da Hausa. Ga kuma nauyi: ƙarin manhaja ƙarin data ne da ƙarin jira, a kan wayar da ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa, a unguwar da netiwok ke zuwa yana ɗaukewa.

Batun sirri ma ba ƙarami ba ne. Idan baƙo ya danna zaɓin da aka rubuta wa "na makafi" ko "na masu farfaɗiya", ya bayyana lalurarsa ke nan, kuma manhajar wani kamfani ce ke karɓar wannan zaɓi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma mai shafi ba ya kuɓuta daga alhaki don kawai wani kamfani ya ba wa aikin. Kafin kowa ya saka irin wannan abu, wajibi ne ya san me ake tattarawa, ina ake ajiyewa, kuma an nemi izinin mai shi ko ba a nema ba.

Don adalci, jerin zaɓin nan na iya yi wa wani dattijo amfani, wanda bai san cewa wayarsa na da wurin ƙara girman rubutu ba. Amma wannan ɗan amfani bai kai kuɗin ba, tunda burauza da wayar suna yin hakan kyauta, kuma a kowane shafi.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe, da dokarmu

Babban abin da ake tallata manhajar da shi shi ne kariya daga ƙara a kotu, musamman a Amurka inda ake kai masu shafuka ƙara a ƙarƙashin dokar naƙasassu ta 1990. Ko a can ɗin ba ta kare su ba, an kai ƙarar kamfanoni masu yawa alhali manhajar na maƙale a shafinsu. A watan Janairun 2025 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin accessiBe, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da ita, zai biya dala miliyan 1 bisa zargin yaudara a iƙirarinsa cewa manhajarsa na iya sa kowane shafi ya cika sharuɗɗan WCAG. Tun a 2021 babbar ƙungiyar makafin Amurka, NFB, ta hana wannan kamfani ɗaukar nauyin taronta na shekara. A binciken da cibiyar WebAIM ta yi a 2021 tsakanin masu aiki a fannin, kashi 67 cikin 100 sun ce irin waɗannan manhajoji ba su da tasiri ko tasirinsu kaɗan ne, a cikin masu lalura kuwa adadin ya kai kashi 72. A 2023 ƙungiyar naƙasassu ta Turai, EDF, tare da ƙungiyar ƙwararrun fannin, IAAP, sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa ba sa maye gurbin gyaran shafi.

A gida, akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, kuma jihar Legas na da tata dokar tun 2011 da ofishin LASODA mai kula da ita. Yadda waɗannan dokoki za su hau kan shago irin naki tambaya ce ta lauya, ba tawa ba. Abin da zan iya tabbatar miki ta ɓangaren fasaha shi ne, alama a kusurwar allo ba shaida ba ce cewa shafi ya gyaru.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Fara da kiran wannan baiwar Allah. Ki tambaye ta wace waya take riƙe da ita, da murya take amfani ko girman allo take ƙarawa, kuma a wane mataki ta tsaya. Amsarta za ta rage muku rabin bincike.

Daga nan ku zauna da yaronki a gaban kwamfuta, ku ajiye linzamin kwamfuta (mouse) gefe, ku yi oda ɗaya daga farko har ƙarshe da kibod kaɗai. Maɓallin Tab na matsawa gaba, Shift da Tab na komawa baya, Enter na dannawa, Esc na rufe taga. Ku lura da abu uku: kuna ganin inda kuke a kowane lokaci, kuna iya zaɓar launi da yawan yadi, kuma idan tagar talla ta buɗe kuna iya rufe ta. Sai ku ƙara girman shafin zuwa kashi 200 ku ga ko rubutu na hawa kan juna ko maɓallin biya ya ɓace. Bayan haka ku kunna TalkBack a waya daga sashen saituna, ku sake yin odar kuna sauraro. Duk inda wayar ta ce maɓalli ne amma ba ta faɗi sunansa ba, ku rubuta. Ku koyi yadda ake kashe TalkBack kafin ku kunna, domin taɓa allo na canzawa gaba ɗaya. A wayoyi da yawa ana iya saita danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3 ya zama hanyar kunna shi da kashe shi. A ƙarshe yaronki ya binciki shafin da manhajar gano kurakurai, WAVE, ko kuma Lighthouse wadda ke cikin burauzar Chrome, duka kyauta ne. Suna da amfani wajen nuno kurakuran fili, amma maki mai kyau a wurinsu ba ya nufin an gama.

Binciken da WebAIM ke yi duk shekara a kan shafuka miliyan ɗaya yana nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na da kurakurai, kuma mafi yawansu iri shida ne ke maimaituwa: rubutu mai dishi-dishi, hoto marar bayani, akwatin fom marar suna, mahaɗi (link) marar suna, maɓalli marar suna, da rashin bayyana harshen shafi. Babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin matsakaicin mai gina shafi. Harshen shafi, misali, haruffa biyu ne a saman ginin, ha ga Hausa, en ga Turanci. Ku bi hanyar kuɗi wajen gyara: shafin kaya, kwando, fom ɗin adireshi, biya, saƙon tabbatarwa. Shafin tarihin shago zai iya jira.

Bayanin hotuna ku mayar da shi al'adar shago. Idan WordPress ko Shopify kuke amfani da shi, akwai gurbinsa a wurin ɗora kowane hoto. Jimla ɗaya ta isa: irin kaya, launi, zane, tsawo. Farashi kuma a rubuta shi da haruffa a ƙarƙashin hoton, ko da yana jikin hoton. Ku fara da kayan da suka fi fita, sauran a bi su sannu a hankali, amma kada a sake ɗora sabon kaya babu bayani. A saman kowane shafi a sa lambar waya da ta WhatsApp a rubuce, don wanda ya maƙale ya kira ko ya turo saƙon murya. Wannan ƙofar gefe ce, ba ta ɗauke wajibcin gyaran babbar ƙofa ba, domin akwai mai son ya yi sayayyarsa da dare ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

Idan an gama gyaran farko, ki nemi makafi biyu ko uku masu amfani da waya kullum su gwada, ki biya su kuɗin aikinsu kamar yadda za ki biya kowane ƙwararre. A Legas ba wuyar samu gare su ba, akwai cibiyar koyar da sana'a ta makafi a Oshodi, akwai kuma ƙungiyar makafi ta Najeriya. Ki haɗa da mai raunin gani, da wanda hannunsa ke rawa ko ba ya iya riƙe linzami, domin matsalolinsu sun bambanta.

Ban ga shafinki ba, don haka ba zan iya yanke miki farashin aikin ba. Idan ƙirar da aka ɗora shafin a kai mai kyau ce, aikin kwanaki ne. Idan tun asali ta lalace, canza ta gaba ɗaya ya fi araha a kan bin ta da faci. Ko wanne ne, ki sa a rubuta a yarjejeniyarku cewa ana nufin matakin AA na WCAG 2.2, kuma ba za ki biya cikon kuɗi ba sai an yi oda ɗaya cikakkiya a gabanki da kibod kaɗai, an sake yin wata da TalkBack. Idan kuma yaronki ya riga ya saka manhajar a matsayin gwaji, ya cire layin nata kafin ku fara duk wannan bincike, ya soke rajistar don kada a ci gaba da cirar kuɗi daga katinki, domin muddin tana nan za ta rufe wasu kurakuran ta ƙirƙiro wasu, ba za ku san ainihin halin da shafin ke ciki ba.